Walda da Ido Buɗe

Ƙannena masu koyon walda, da ku da kuke shawarar shiga, ku ba ni aron hankalinku. Sana'ar nan ba ƙarama ba ce. A garuruwanmu yau babu ginin da za a gama ba a nemi mai walda ba: ƙofa, taga, get, matattakala, hasumiyar tankin ruwa. Kurar ɗan garuwa, amalanken manomi, garmar shanu, injin niƙa, bodin tirela, duk sai sun bi ta hannunsa. Wanda ya taɓa ratsa Panteka a Kaduna, ko kasuwar Katako a Yamai, ko Suame Magazine a Kumasi, ya san yawan gidajen da ake ɗora tukunya a cikinsu albarkacin wannan tartsatsi. Sai dai yawancinku yadda aka koya wa iyayen gidanku haka ake koya muku. Yaro ya share shekara yana riƙe ƙarfe, yana yankan rodi, yana sayo wa oga abinci, ran nan sai a miƙa masa holda a ce ya ɗiga. Hannu yana koyo ta haka, babu musu. Abin da ba a cika yi masa bayani ba shi ne me ke faruwa a ɗan wurin nan mai haske da ke bakin ilaktirod, alhali a nan aikin yake gaba ɗaya.

Mu soma da injin. Wutar lantarki ana auna ta ta fuska biyu: ƙarfin turinta, wanda ake lissafawa da bolt, da yawan kwararanta, wanda ake lissafawa da amfiya. Wutar da ke shigowa shago tana zuwa da bolt 230 ko kusa da haka. Aikin injin walda shi ne ya sauke turin, ya ɗaga kwararar. Idan yana kunne ba a taɓa ƙarfe ba, akwai bolt 50 zuwa 80 tsakanin wayoyinsa biyu. Da wuta ta kama sai ya sauko tsakanin 20 da 30, amfiya kuwa ta kai 100 ko ta wuce. Waya ɗaya tana zuwa holda mai riƙe da ilaktirod, ɗayar kuma, wadda kuke kira at, ana maƙala ta a jikin ƙarfen da ake aiki a kai. Idan ka ƙyasta bakin ilaktirod a ƙarfen ka ɗaga shi kaɗan, milimita biyu ko uku, wutar ba ta yankewa. Tsallake gibin take yi ta cikin iska, ta zama harshe mai haske wanda zafinsa ya haura digiri 3,000 a ma'aunin Salsiyas. Ƙarfe kuwa a wajen 1,500 yake narkewa. Nan take bakin ilaktirod ya fara zubowa ɗigo-ɗigo, leɓɓan ƙarafa biyun da ake son haɗawa su ma su narke, duka su gauraya a wani ɗan kududdufi da faɗinsa bai cika wuce santimita ɗaya ba. Kana yin gaba, na baya yana daskarewa.

Walda ba liƙi ba ce. Mai gyaran rediyo yana narka dalma ya manna waya, ita wayar ba ta narke ba. A walda, idan uwar ƙarfen ba ta narke ba, ba a yi komai ba, ko da an tara tulin ilaktirod a kai. Maƙeranmu sun san wannan tun kafin zuwan lantarki. Sai sun zuga wuta ƙarfe ya yi fari fat yana tartsatsi kafin su haɗa biyun a kan uwar maƙera su bi su da masaba.

To, me ya hana a sa guntun waya kawai a holda? An yi hakan. A 1888 wani injiniya ɗan Rasha, Nikolai Slavyanov, ya fara walda da sandar ƙarfe mai narkewa, kuma shekaru da dama bayansa da tsurar waya aka riƙa yin aikin. Ɗinkin yakan fito da ƙofofi, ga gautsi. Laifin na iskar da muke shaƙa ne: kusan kashi 78 cikin ɗari nata naitirojin ne, kashi 21 oksijin, kuma narkakken ƙarfe yana zuƙar su duka biyun, su lalata shi daga ciki. Wanda ya samo maganin abin wani injiniyan jiragen ruwa ne ɗan ƙasar Suwidin, Oscar Kjellberg, wanda ya kafa kamfanin ESAB a birnin Gothenburg a 1904. Ya riƙa tsoma sandunan ƙarfe cikin kwaɓin ma'adinai yana barin su su bushe, a wajen 1907 ya yi rajistar fasahar.

Hodar nan da ke lulluɓe da ilaktirod, wadda yaran shago ke ɓarewa da wasa idan suna zaune, daga wannan kwaɓi ta samo asali, kuma ita ce rabin sirrin sana'ar. Wani sashe nata yana ƙonewa ya zama iskar da ke kewaye kududdufin ta kori ta waje. Wani sashen yana narkewa, kuma da yake bai kai ƙarfe nauyi ba sai ya taso sama, ya kwaso datti, ya daskare ya zama ɓawon da ke rufe ɗinkin har ya huce a hankali. A cikinta akwai manganis da silikon masu tsane oksijin daga ƙarfen, akwai kuma sinadaran da ke sa harshen wutar ya tsaya wuri ɗaya ba ya mutuwa. Saboda haka ilaktirod da hodarsa ta ɓare ko ta jiƙe ba shi da maraba da tsurar wayar da aka bari shekaru ɗari da suka wuce.

Idan aka aike ka Ƙofar Ruwa ko wata kasuwar ƙarfe, abin da za a ce ka sayo shi ne geji 12 ko geji 10, wato mai kaurin milimita 2.5 ko 3.2. Wannan kauri kaɗai ya faɗa maka. Ka juya gindin ilaktirod ɗin za ka ga lamba, galibi E6013. Tsarin na ƙungiyar masu walda ta Amurka ne, AWS. Lamba 60 ta farko ƙarfin ɗinkin ce: yana jure jan fam 60,000 a kowane inci murabba'i, wato kimanin kilo 42 a kowane milimita murabba'i. Lamba 1 tana nufin za a iya aiki da shi a kwance, a tsaye, har sama da kai. Ta ƙarshe ita ke nuna irin hodar da irin wutar da ta dace da ita.

6013 shi ne ɗan gida. Yana kamawa da sauƙi, ɗinkinsa sumul, ɓawonsa wani lokaci da kansa yake ɗagowa. Ya dace da ƙofa da taga da ƙarfe marar kauri. Amma ba ya nitsa sosai, kuma kyan ganinsa yakan yaudari mai koyo har ya ɗauka ya iya. 6010 da 6011 hodarsu ta ƙunshi garin itace, harshensu yana huda, shi ya sa da su ake yin layin farko a bututu. Na farkon sai injin da ke ba da wutar DC, na biyun yana tafiya har da tsohuwar taransifoma. Sai 7018, wanda ake nema a aikin da zai ɗauki nauyi: ginshiƙin gini, gada, sasin babbar mota. Ɗinkinsa ya fi ƙarfi da juriya, amma ba ya shiri da laima ko kaɗan. Idan hodarsa ta sha danshi, zafin wuta yana raba ruwan, haidirojin ya shige cikin ƙarfe ya laɓe. Aiki zai fito lafiya lau, a biya kuɗi a tafi, bayan kwana ɗaya ko biyu tsaga ta bayyana a gefen ɗinkin. Wannan ne ya sa a manyan wuraren aiki ake ajiye shi a tanda mai zafin digiri 120 ko sama, ana ɗiba kaɗan-kaɗan. Mu kuwa sai ka ga kwalin ilaktirod a buɗe a ƙasan siminti tsakiyar watan Agusta.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Duk wannan abu da na zayyana a cikin kududdufin yake faruwa, kuma gwanin walda ba harshen wuta yake kallo ba, kududdufin yake kallo. Yana duban ko ya ci leɓɓan ƙarfen biyu daidai, ko ya fi karkata gefe ɗaya, ko narkakken ɓawo yana bin sa a baya kamar yadda ya kamata, ko kuwa ya sha gabansa. Babu yadda za a ga wannan sai ta gilashin walda na gaskiya, mai lamba 10 zuwa 12. To ku dubi abin da muke gani a bakin titi. Mutum ya sa baƙin tabarau na 'yan gayu, ko ma babu komai, ya saita ilaktirod, ya kau da kai ko ya runtse ido, ya ɗiga, ya buɗe ya duba, ya sake ɗigawa. Mutane sukan yi masa faɗa saboda idonsa, kuma sun yi gaskiya. Amma akwai asara ta biyu da ba a faɗa: mutumin nan a makance yake walda. Kowane ɗigo a kan ƙarfe mai sanyi yake farawa, kafin uwar ƙarfen ta narke ya riga ya ɗaga hannu, ɓawon ɗigon farko kuma ya maƙale ƙarƙashin na biyu. Abin da ya bari jerin ƙulle-ƙulle ne a sama, ciki kuwa ba a haɗu ba. Zai iya shekara ashirin a haka, a kira shi oga, bai taɓa ganin kududdufin da yake cin abinci da shi ba.

Saboda haka, ƙanena, garkuwar fuska ba kayan tsoro ba ce. Kayan aiki ce, matsayinta ɗaya da holda. Ta riƙewa a hannu ba ta da tsada. Akwai kuma hular da gilashinta ke yin duhu da kansa da zarar wuta ta kama, ta bar maka hannuwa biyu. Idan kuɗin farko da ka tara a shago suka tafi wurin sayenta, ba ka yi asara ba, ko da abokan koyo sun yi maka dariya.

Ranar da ka fara gani, sauran abubuwan da ake maimaita maka za su yi ma'ana. Idan wuta ta yi kaɗan, ilaktirod zai riƙa mannewa, ɗinkin ya yi tudu bai baje ba. Idan ta yi yawa, tartsatsi ya cika wuri, ilaktirod ya yi ja tun bai kai rabi ba, gefen ɗinkin ya zaizaye ya bar kwari, kuma daga wannan kwarin tsaga ke somawa. Geji 12 yana son amfiya 70 zuwa 100, geji 10 kuma 100 zuwa 130, amma ka duba jikin kwali, sannan ka gwada a guntun ƙarfe kafin ka taɓa kayan mutane. Tazarar baki da ƙarfe kada ta wuce kaurin wayar da ke cikin ilaktirod. Idan ka ɗaga da yawa, iskar da ke tsaron kududdufin ta watse, ƙofofi su shigo. Wahalar ita ce ilaktirod yana gajarcewa kana aiki, don haka hannu tafiya biyu yake yi lokaci guda, gaba da ƙasa, kuma wannan ba ya zama jiki sai da maimaici. Ka karkata shi kaɗan, digiri 10 zuwa 15, wajen da ka nufa, ka ja shi, kada ka tura. Kunne ma yana da nasa aikin. Idan komai ya daidaita, ƙarar tana fita ɗaya ba yankewa, kamar ƙosai a cikin mai mai zafi.

Kafin a kai ga wuta akwai aikin da yara suka fi rainawa. Tsatsa, fenti da maiƙo duk guba ne ga kududdufi, a goge su har ƙarfe ya yi haske. Wayar at a maƙala ta da kyau a wuri mai tsabta, ba a jingina guntun rodi a ce ya wadatar ba. Ƙarfen da kaurinsa ya wuce milimita 6, harshen wuta ba zai ratsa shi daga sama ba. Sai an fere leɓɓan biyu sun buɗe kimanin digiri 60, a bar ɗan gibi a ƙasa, a cike ramin layi bayan layi, ana ɓare ɓawo ana gogewa da burushin ƙarfe kafin kowane sabon layi. Ƙarfe kuma yana ja idan yana hucewa. Wanda ya kama gefe ɗaya na get ya ɗinke shi tas kafin ya koma ɗaya gefen, zai tashi da get mai murɗe. Ana ɗiɗɗiga kusurwoyi tukuna, a auna, sannan a riƙa ɗinki ana tsallakawa nan da can.

Abin da ya sa nake nanata waɗannan shi ne, walda tana cikin sana'o'in da mai saye ba ya iya tantance aikin. Tela idan ya ɓata ɗinki, mai riga zai gani ranar Sallah. Mai walda kuwa yana da giranda, yana da fila, yana da fenti. Da su ukun za a iya mai da mummunan aiki ya yi ƙyalli, mai gida ya shafa ya ce madalla. Tankin ruwa mai lita 5,000 nauyin ruwansa kaɗai tan biyar ne, kuma ƙarƙashin hasumiyar da ke ɗauke da irin wannan tanki mata ke wanke-wanke, yara ke wasa.

A ranar 27 ga Maris, 1980, wani dandamali mai suna Alexander Kielland, wanda ma'aikatan haƙar mai ke kwana a kansa a tekun da ke gefen ƙasar Norway, ya kife. Mutum 212 ne a kai, 123 suka rasu. Ɗaya daga ƙafafunsa biyar ce ta ɓalle cikin hadari. Da masu bincike suka bi diddigi, sai suka tarar tsagar ba daga wani babban mahaɗi ta faro ba. Daga ɗan ɗinki mai milimita 6 ta faro, wanda aka yi don maƙala wata ƙaramar na'ura a jikin tokarin ƙafar, aikin da ba wanda ya ɗauke shi da muhimmanci. A cikin tsagar sun sami fenti, abin da ya nuna tana nan tun lokacin da aka ƙera dandamalin, aka shafe ta, igiyar ruwa ta riƙa buɗa ta kaɗan-kaɗan tsawon shekaru.

Wani zai ce ai wannan hanya ta tsufa, a masana'antu yanzu injunan MIG da TIG ake yayi, har da mutum-mutumi. Gaskiya ne a cikin masana'anta. Amma waɗancan da tukunyar gas suke tsare kududdufinsu, iska kaɗan ta kaɗa ta kwashe gas ɗin. Ilaktirod kuwa da abin tsaronsa yake yawo a jikinsa. Shi ya sa yake aiki a fili cikin hunturu, a kan rufin gini, a gona inda tarakta ta karye, a cikin rami inda bututu ya fashe, har a ƙarƙashin ruwa da irin wanda aka yi domin haka. Kayansa kaɗan ne, inbata ta zamani ana rataya ta a kafaɗa. Da sauya ilaktirod kawai za ka koma wani ƙarfen: akwai na silba marar tsatsa, akwai mai nikel na zubin ƙarfe irin na bulok ɗin inji, akwai mai tauri da ake shafa wa bakin garma ko haƙoran katafila don kada su cinye da wuri. Inda ba ya jin daɗi shi ne ƙarfe marar kauri irin na bodin ƙaramar mota, wanda yake hudawa, shi ya sa masu gyaran bodi suka riƙe waldar gas. Alminiyom ma ba fagensa ba ne. Akwai kuma abin da sanin ya kamata ke hana gwani taɓawa da 6013 ko an matsa masa: sifirin, gatarin mota, sandar sitiyari. Ƙarfensu mai yawan kabon ne da aka gasa aka ba shi tauri, zafin walda yana ɓata wannan taurin, kuma ranar da zai karye motar tana gudu ne.

Sai jikinka. Hasken walda yana ɗauke da wani haske da ido ba ya gani, mai ƙona fatar ƙwayar ido. Ba a jin sa a lokacin. Sai bayan awa shida zuwa sha biyu, galibi tsakar dare, mutum ya farka yana jin yashi cike da idanunsa, hawaye na zuba, ba ya iya kallon fitila. Yawanci yana warkewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Kada ka ɗiga nono ko ruwan siga ko wani haɗin da aka ce maka, kada ka murza. Ka ɗora tsumma mai sanyi, ka zauna a duhu, idan ya wuce kwana biyu ko kana zargin ɓurɓushin ƙarfe ya shiga, ka tafi asibitin ido. Maimaita wannan ƙuna shekara da shekaru yana kawo yanar ido. Kuma wanda ya fi shan ta sau da yawa ba mai holda ba ne, yaron da ke riƙe masa ƙarfe ne, wato kai a yanzu, da yaran unguwa da ke taruwa kallo. Falle ɗaya na kwano da aka jingine ya isa ya kare masu wucewa.

Hayaƙin ma ba na wasa ba ne. A 2017 hukumar binciken cutar daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya, IARC, mai mazauni a birnin Lyon na Faransa, ta sa hayaƙin walda a rukuni na ɗaya, na abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji, musamman ta huhu. Bututun galbanais, wanda aka shafe da tutiya, yana fid da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da makyarkyata da dare, har mutum ya ɗauka maleriya ce. Gwangwanin madarar da ake sha bayan aiki abinci ne mai kyau, amma ciki yake tafiya, hayaƙi kuwa huhu ya shiga. Maganin shi ne ka goge tutiyar kafin ka soma, ka yi aiki inda iska ke ratsawa, ka tsaya yadda za ta kwashe hayaƙin daga fuskarka, ka kuma sa takunkumi na gaskiya.

Bolt 70 ɗin nan da ke zaune a holda ba ya yin komai ga busasshen hannu mai safar fata. Ga mai gumi sanye da silifa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ko wanda ke kwance cikin tanki jikinsa na manne da ƙarfe, ya isa ya tsayar da zuciya. Lokacin canja ilaktirod ya fi haɗari. Wayoyin da aka haɗa aka naɗe da leda, da taransifomar gida da ke zaune tsirara ba murfi, su ma jira suke. Rigar jesi tana narkewa ta manne da fata, ka sa ta auduga mai kauri. Tartsatsi yana iya tafiya mita goma, don haka ka duba ko akwai ɗan bumburutu ko mai katifa kusa kafin ka ƙyasta.

Na ƙarshe a wannan babi shi ne tankin mai. Tankin fetur da aka juye ya fi cikakke haɗari, domin ba ruwan man ne ke fashewa ba, tururinsa ne idan ya gauraya da iska, kuma tururin yana maƙalewa a saƙo da cikin tsatsa ko an ɗauraye. Duro, tankin babur, tankin janareta, tankar mai, har na gas ɗin mota, duk hukuncinsu ɗaya. Masu yin wannan aiki bisa ƙa'ida sai sun wanke da tururi, sun auna iskar ciki da na'ura, ko sun cika tankin da ruwa har kusa da inda za a ɗinka sun bar mafita a buɗe. Mai koyo ba shi da hurumi a nan. Idan direba yana sauri, ya yi saurinsa a wani wuri.

Ga wanda ya ɗauki sana'ar da gaske, hanya ba ta tsaya a get da taga ba. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano tsawonsa kilomita 614 ne, faɗinsa inci 40. Bututun man da ya tashi daga Agadem a Nijar zuwa gaɓar teku a Benin ya kusa kilomita 2,000. A irin waɗannan ayyuka, ko da injuna ne suka ɗinka dogon layi, mahaɗu da gyare-gyare hannun mutum suke jira, haka a matatun mai da kamfanonin siminti. Sai dai a can ba a tambayar shekara nawa ka yi a shago ko wane ne ogan ka. Takarda ake nema, da gwaji. A Najeriya akwai gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago, akwai jarrabawar NABTEB, akwai horon da hukumar ITF mai hedikwata a Jos ke bayarwa, akwai Cibiyar Horon Man Fetur da ke Effurun a jihar Delta. Wanda ya bar boko da wuri ya daure ya koyi karanta tef da zanen aiki da ɗan lissafin kusurwa, domin su ne ke raba mai ɗinki da mai haɗa aiki.

Gwajin da ya fi daraja a aikin bututu ana kiran sa 6G. Ana kafe guntayen bututu biyu a karkace, digiri 45, ba a juya su, sai mai walda ya zagaye su, ta yadda a ɗinki ɗaya zai yi na kwance da na tsaye da na sama da kai. Idan ya gama, ba a shafa fenti. Ko dai a ɗauki hoton cikin ɗinkin da na'ura irin ta asibiti, ko a yanko sirara-sirara daga jikinsa a lanƙwasa su a inji har su koma kamar harafin U. Tsagar da ta wuce milimita 3 ta buɗe, an faɗi. Ba sai ka jira wannan rana ba. Da yamma idan oga ya sallame ku, ka roƙi guntayen fale-falen ƙarfe biyu daga tarkacen shago, ka haɗa su kamar harafin T, ka ɗinke gefe ɗaya kawai, ka bar su su huce da kansu ba tare da ka tsoma a ruwa ba. Sannan ka ɗaure a bais ka bi da guduma ta ɗaya gefen har ɗinkin ya buɗe, ka duba cikinsa da kyau. Idan ka ga leɓen ƙarfen yana nan da kaifinsa yadda aka yanke shi, wutarka ba ta kai kusurwa ba. Baƙin ɗigo a ciki ɓawo ne ya maƙale, ƙananan ƙofofi kuma ko hannu ya ɗaga da yawa ko ilaktirod ya sha laima. Ka gyara abu ɗaya kawai, ka ɗauko wasu guntayen biyu.